Ina Zan Sa Kuɗina? Amsoshin Tambayoyin Masu Ƙaramin Jari a Sakkwato

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawo mini, wasu a majalisa bayan la'asar, wasu a wurin ɗaurin aure, wasu kuma ta bakin matan gidanmu da ƙawayensu suka aiko. Abu guda da na daɗe ina lura da shi ne ya sa na tara su wuri ɗaya. Basakkwace ba baƙon jari ba ne. Ka je Kara ka ga yadda mutum ke sayen rago: ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya shafa gadon baya, ya ɗaga wutsiya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, sannan ya tsaya ciniki har rana ta take. Amma mutumin nan ne zai tura naira dubu 500 cikin wata manhaja a waya, don kawai abokinsa ya nuna masa saƙon shigar kuɗi. Idon da muke kai wa Kara, shi nake so mu riƙa kai wa kowane irin jari.

Albashina ko ƙarshen wata ba ya kaiwa. Ina ni ina maganar jari?

Gaskiyarka, ɗan'uwa, jari ba shi ne farkon aikinka ba. Ka sami ɗan littafi, wata ɗaya cur ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka: cefane, man babur, katin waya, gudummawar biki, kuɗin makarantar yara, har naira 200 ɗin da ka ba yaron maƙwabci. Mafi yawan waɗanda suka gwada sukan tarar da rami ɗaya ko biyu da ba su san kuɗi na zurarewa ta nan ba.

Bayan haka sai bashi. In akwai wanda ke binka, musamman manhajojin nan na lamuni da ke ɗora kuɗin ruwa mai nauyi kuma su bi lambobin wayarka suna tozarta ka, biyan wannan ya fi kowace riba da za ka samu a waje. Sai kuma kuɗin ko-ta-kwana, wanda zai riƙe gida wata uku in aiki ya tsaya ko ciwo ya shigo. Wanda ba shi da wannan ajiya, ranar da aka kwantar da ɗansa a asibiti zai sayar da jarinsa a farashin da mai saye ya ga dama. Ka fara cire ko da kashi 5 cikin 100 ne ranar da albashi ya shigo. In ka ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata, ba abin da zai rage.

Me zai hana in bar kuɗina a banki ko a gida, hankalina kwance?

Hauhawar farashi ce za ta hana. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'anarsa a aljihunka ita ce, naira dubu 100 da ka ɓoye shekara guda ta dawo tana sayen abin da kusan naira dubu 74 ke saye a da. Takardun suna nan, ba wanda ya taɓa su, amma kwanon gero ya yi gaba ya bar su.

Ajiyar gida kuma tana da nata haɗarin. Gobarar da ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 ba ta tambayi mai shago ko kuɗinsa na cikin akwati ba. Sannan kowa ya tuna wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da masu tsofaffin takardu suka yi ta kwana a layi.

Banki wurin ajiyar kuɗin ko-ta-kwana ne da na buƙatun kusa. Ka dai san iyakar kariyar da kake da ita. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya, tun 2024 tana lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, naira miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank a watan Yuni na 2024, kowane mai ajiya har miliyan 5 aka fara biyansa, abin da ya haura haka kuma sai jiran a sayar da kadarorin bankin. In kuɗinka ya haura wannan iyaka, ka raba shi banki biyu.

Adashi fa, ai shi ma jari ne?

Adashi tarbiyya ce ta tara kuɗi, kuma ina ganin ƙimarsa ƙwarai. Da shi mata da yawa suka sayi keken ɗinki, suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Sai dai kuɗi ba ya haihuwa a cikinsa. Abin da kika zuba shi za ki kwasa, kuma mai kwasar ƙarshe ita ce hauhawar farashi ta fi ci. Ki yi da mutanen da kika san gidajensu, uwar adashi ta riƙa rubuta kowane zubi, kuma kada zagayen ya yi tsawo da yawa. Ranar kwasa ne jari ke farawa, saboda haka tun kafin ta zo ki san inda kuɗin za su tafi.

Turkar raguna da ajiyar albasa ko hatsi, wanne ya fi?

Duka biyu sana'o'in gidanmu ne, kuma wanda ya iya su ba ya bukatar wani ya koya masa kasuwar hannun jari ta Legas. Matsalar da nake gani ita ce lissafi. Mutum zai ce ya sayi rago dubu 120 ya sayar dubu 230, ya ci ribar dubu 110. Bai ci ba.

Mu ɗauki misali, kai kuma ka sa farashin yau a madadin nawa. Rago dubu 120. Wata huɗu yana cin harawa da dusa da ɗan kanwa, mu ce dubu 15 kowane wata, dubu 60 ke nan. Magani da allura dubu 5. Kuɗin mota zuwa Kara da la'adar dillali dubu 5. Ragon ya tsaya maka a dubu 190. Ka sayar dubu 230, ribarka dubu 40, kuma ba ka sa ladan yaron da ke ba shi ruwa safe da yamma ba. Riba ce mai kyau a wata huɗu. To amma ka turke biyar, ɗaya ya kumbura ya mutu ana saura mako biyu Sallah. Ka kashe dubu 950, ka sayar da huɗu dubu 920. Wahalar wata huɗu ta ƙare da asarar dubu 30. Wannan ne ya sa tsofaffin masu kiwo ba sa wasa da rigakafi, kuma ba sa jiran jajibiri. In dabbobi suka yi yawa a kasuwa ranar ƙarshe, mai saye ne sarki. Ga kuma abin da dole a faɗa: wanda zai kai shanunsa kiwo ƙauyukan gabas, wajen Isa, Sabon Birni ko Rabah, ya san halin tsaron da ake ciki, ya sa shi cikin lissafi.

Albasa tana da riba mai tsoka in aka saye ta lokacin da kasuwa ta cika bayan girbin rani, daga fadamun Wurno, Goronyo ko Kware, aka riƙe ta zuwa lokacin da ta yi ƙaranci. Amma albasa rai gare ta. Tana ramewa, tana tsiro, tana ruɓewa, kuma ɗaya in ta lalace takan ja na kusa da ita. Buhu 100 da ka zuba a rudu ba buhu 100 za ka kwashe ba. Wanda bai san yadda ake shanya ta da juya ta da ba ta iska ba, ya haɗa kai da wanda ya sani, ko ya bar ta.

Hatsi ya fi jure ajiya, kuma shekaru da yawa mutane sun saba cewa abin da ka saya da kaka zai tashi da bazara. A 2025 abin ya juya. Farashin masara da gero da shinkafa ya faɗo, waɗanda suka cika ɗakuna da tsada a kakar 2024 suka sayar ƙasa da yadda suka saya, wasu ma da kuɗin bashi suka tara. Akwai kuma gefen addini. Ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin yunwa don farashi ya ƙara tashi abu ne da shari'a ta hana, kuma ban ga albarka a ribar da aka ci da kukan maƙwabci ba.

Ana cewa fili ba ya faɗuwa. Haka ne?

Wanda ya sayi fuloti a Arkilla ko Mabera tun suna bayan gari zai ce maka haka ne. Gari na faɗaɗa, kuma fili ya riƙe darajar kuɗin mutane da yawa. Amma fili ba ya ba ka ko sisi a wata, kuma ranar da kake neman kuɗi da gaggawa ba ya sayuwa sai ka karya shi.

Babban haɗarinsa takarda ce. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ya sa takardar shaidar mallaka ta gwamnati ta fi ƙarfin takardar cinikin da aka rubuta a zaure. Kafin ka biya, ka je ma'aikatar filaye a duba maka ko wurin na cikin shirin hanya ko wani aikin gwamnati. Ka tambayi mai unguwa da hakimi da maƙwabtan filin. In gonar gado ce aka yanka, ka tabbatar an raba gadon kuma duk magada sun sa hannu, har da mata, don rigimar da ke tasowa bayan shekara goma galibi daga nan take fitowa. Ka je ka ga wurin da damina, lokacin da ruwa ke nuna hanyarsa. In ka saya, ka kafa alama ko ka zagaye shi, ka riƙa leƙawa.

Ni kuɗin ruwa nake gudu. Akwai inda zan sa kuɗi a hukumance ba tare da riba ta haram ba?

Akwai, kuma ƙofofin sun fi yadda mutane ke zato yawa.

Na farko bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Suna da asusun mudaraba, inda bankin ke juya kuɗinka a raba riba bisa kason da aka amince tun farko. Ka tambayi kason, ka tambayi abin da suka raba a watannin baya, ka kwatanta shi da hauhawar farashi.

Na biyu sukuk, wanda a ganina ya kamata duk mai ɗan rarar kuɗi a garin nan ya san shi. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a watan Satumba na 2017 ta hannun Ofishin Kula da Basussuka, na naira biliyan 100, wa'adin shekara 7, da kuɗin haya na kashi 16.47 cikin 100 a shekara. Ga yadda yake aiki. Ana tara kuɗin jama'a a gina hanyoyi, irin su Kano zuwa Maiduguri da Abuja zuwa Lokoja. Masu sukuk su ne masu hakkin wannan kadara, gwamnati kuma tana haya a hannunsu, tana biyan kuɗin hayar sau biyu a shekara. In wa'adi ya cika ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Abin da kake karɓa haya ce ta kadara, shi ya sa kwamitin malaman da ke ba Babban Banki shawara ya amince da tsarin. Da naira dubu 10 ana iya shiga in an buɗe sayarwa, ta banki ko ta dillalin hannun jari.

Sai dai ka san aibinsa kamar yadda ka san kyansa. Hayar ba ta motsi. Wanda ya shiga na 2017 yana karɓar kashi 16.47, ya ji daɗi shekarun da hauhawar farashi ke ƙasa da haka, amma a 2024 da ta haura 30 kuɗinsa raguwa suke yi a ɓoye. Kuma in ka matsu kafin wa'adi, za ka iya sayarwa a kasuwa, amma a farashin ranar, wanda zai iya kasawa abin da ka saya.

Akwai kuma takardar lamunin gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi da aka fara a 2017, wadda ake shiga da naira dubu 5. Ita kuɗin ruwa take biya kai tsaye, don haka ba ta cikin abin da kake tambaya.

Mene ne hannun jari, kuma ta ina ake farawa daga nan Sakkwato?

Ka san masana'antar siminti ta Kalambaina. A da kamfanin CCNN ne, daga baya ya haɗe ya zama BUA Cement, wanda aka sa a kasuwar hannun jari a farkon 2020. In ka sayi hannun jarinsa, ka zama ɗaya daga cikin masu kamfanin gwargwadon abin da ka saya. In ya ci riba aka yanke shawarar rabawa, naka zai shigo asusunka bayan an cire harajin kashi 10 cikin 100. In darajar kamfanin ta tashi, hannun jarinka ya tashi. In ta faɗi, ya faɗi. Na kawo shi misali ne don kowa ya san hayaƙinsa, ba don in ce ka saya ba.

Kasuwar tana Legas, sunanta NGX, amma ba sai ka je ba. Za ka buɗe asusu wurin dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, da lambar BVN da katin shaida, a buɗe maka asusun CSCS inda ake rubuta hannayen jarinka da sunanka. Yawancin dillalai yanzu ta waya ake yi da su. Kafin ka tura ko kwabo, ka shiga shafin SEC ka ga sunan dillalin da idonka.

Ga mai kiyaye shari'a, ba kowane kamfani ake saye ba. Ana barin masu giya da caca da bankunan kuɗin ruwa, ana kuma duba yawan bashin ruwa da ke kan kamfani. Tun 2012 akwai jerin NGX Lotus Islamic Index na kamfanonin da suka tsallake wannan tantancewa, akwai kuma asusun haɗaka na halal da ƙwararru ke juyawa, ga wanda ba shi da lokacin bin kamfani ɗaya-ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne 2008. A watan Maris na shekarar ma'aunin kasuwar, wato adadin da ke nuna tashi da faɗuwar farashin hannayen jari baki ɗaya, ya haura 66,000, kowa na saye, har bankuna na ba mutane bashi su sayi hannun jari. Kafin shekara ta zagayo ya gangaro kusan 20,000. Dattawa da yawa a garin nan har yau ba sa son jin sunan hannun jari saboda wannan. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu kuɗin bashi da waɗanda suka zuba komai a banki ɗaya ko biyu. Don haka kuɗin da za ka sa a nan ya zama wanda ba ka buƙatarsa shekara biyar, ka rarraba shi a kamfanoni masu sana'a daban-daban, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan a kai a kai. Kamfanin da ba za ka iya faɗa wa matarka abin da yake sayarwa ba, bar shi.

Abokina yana samun kashi 30 a wata a wani kamfani, na ga shaidar biyan da idona. In shiga?

Kada ka shiga. Wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, don na ga abin da take haifarwa a cikin dangina. Wani ƙanena ya sa dubu 50 a irin wannan, aka biya shi. Ya sa dubu 200, aka biya shi. Sai ya sayar da babur ɗinsa, ya karɓi kuɗin adashin matarsa, ya jawo abokansa uku. Ranar da manhajar ta ƙi buɗewa ina zaune kusa da shi a ƙofar gida. Yana ta danna wayar, yana gogewa da bakin riga, yana cewa matsalar sabis ce. Har aka kira magariba bai ɗaga kai ba. Kuɗin sun tafi, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne abokan nan uku da ya daina iya haɗa ido da su.

Biyan da abokinka ya nuna maka gaskiya ne, kuma shi ne ƙugiyar. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ba wata sana'a a ƙasa. Ranar da masu shiga suka ragu, ranar ake rufewa. Haka MMM ta yi a watan Disamba na 2016, ita ma kashi 30 a wata ta yi alkawari. Haka CBEX ta yi a watan Afrilu na 2025. Suna kawai ake canzawa.

Ka yi lissafin da kanka. Naira dubu 100 in tana ƙaruwa da kashi 30 kowane wata, a shekara guda ta haura miliyan 2 da dubu 300. Wace sana'a ce a duniya ke ninka kuɗi sau 23 a shekara, kuma mai ita yana neman dubu 50 ɗinka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alamominsu ba sa ɓuya: riba tabbatacciya ba maganar asara, lada in ka kawo wani, gaggawa wai gobe za a rufe, da bayanin sana'a da ba ka gane ba. Wasu sukan nuna takardar rajistar kamfani ta CAC. Wannan shaidar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce, izinin yana hannun SEC. Wasu kuma da sunan addini suke zuwa, su ce halal ne, su kawo mai rawani ya yi addu'a a taron buɗewa. Ka tambaye su me ake saye, me ake sayarwa, ina kayan suke. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya irin wannan, to ka kula kada jawo mutane ya mayar da kai cikin masu laifi.

Kirifto, wato kuɗin intanet, da cinikin canjin kuɗi ta waya fa?

Farashinsu na iya faɗuwa rabi cikin makonni, kuma malamai sun saɓa a kan hukuncinsu. In ka nace, ka sa abin da ɓatansa ba zai hana gidanka cin tuwo ba, kuma kada ka ba wani ya juya maka.

Malam, ni zinari nake saye in ajiye. Maigidana kuma ya ce dala ko sefa ta fi.

Hajiya, dabararki tsohuwa ce kuma tana da tushe. Zinari yana bin farashin duniya da na dala, don haka in naira ta faɗi yakan riƙe darajarsa. Ki dai lura da abu uku. Sarƙa mai ado kina biyan kuɗin ƙira, wanda ba za a mayar miki ba ranar sayarwa, saboda haka na ajiya ya zama marar ado sosai. Ki sa a auna a gabanki a rubuta miki nauyi da karat a rasit. Sannan kada duk unguwa ta san abin da ke cikin akwatinki.

Maganar Alhaji ma tana da hujja. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Sefa kuma an ɗaure ta da yuro, shi ya sa 'yan kasuwar Illela da Ƙonni suka ga tana ta yi wa naira nisa. Amma wanda ya sayi dala a kasuwar bayan fage a watan Fabrairu na 2024, tana dab da 1,900, ya gan ta ta sauko kusan 1,100 a watan Afrilu. Kuɗin waje ya dace da wanda ke da buƙata a cikinsa, kamar mai shirin Hajji ko mai sayo kaya daga waje. Shi ma kamar zinari, ba ya haihuwa, kariya ce kawai.

Ƙanena na son in ba shi jari ya juya mu raba riba. Yaya za mu yi kada zumunci ya ɓaci?

Wannan shi ne ƙiradi a littattafan Malikiyya, kuma ƙa'idarsa a fili take. Riba ana raba ta bisa kaso, rabi da rabi ko yadda kuka shirya. Ba a cewa "ka ba ni dubu 20 duk wata ko an ci ko ba a ci ba", wannan ya koma kuɗin ruwa. In aka yi asara ba da sakacinsa ba, kai ka rasa kuɗi, shi ya rasa wahalarsa. In ba za ka iya ɗaukar wannan ba, kada ka fara.

Ku rubuta, da shaidu biyu. Mutanenmu na jin kunyar rubutu tsakanin 'yan'uwa, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ku sa ranar zaman lissafi, ko da bayan wata uku-uku ne, kuma kuɗin shago ya rabu da kuɗin cefanensa. Ka fara da kaɗan ka ga riƙonsa.

Ni ɗan kasuwa ne, ba ni da fansho. Me zan yi wa tsufana?

Tun 2019 PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, inda tela ko mai shago ko ɗan acaɓa zai riƙa zuba abin da ya samu, kuma akwai asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa ga wanda ya nema. Ko ba ka shiga wannan ba, ka fitar da wani abu daga cikin kasuwar zuwa abin da ba ya tare da ita, kamar ɗakunan haya ko sukuk. Wanda duk dukiyarsa ke cikin shago ɗaya, dare ɗaya ya ishe shi komawa farko.

Yaya zakka take a kan waɗannan abubuwa?

Nisabin kuɗi shi ne ƙimar dinari 20, kusan giram 85 na zinari. In dukiyarka ta kai haka kuma shekara ta zagayo, za ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana sanar da nisabin a naira, ka duba na lokacin da za ka fitar, don yana motsi da farashin zinari.

A mazhabar Malikiyya an bambanta mai shagon da kayansa ke shiga suna fita, wanda zai yi wa kayan ƙima duk shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa, da wanda ya sayi kaya ko fili ya ajiye yana jiran kasuwa, wanda zai fitar ta shekara ɗaya ranar da ya sayar. Zinarin da mace ke ado da shi ba zakka a kansa, amma wanda aka saya don ajiyar dukiya akwai. Tumaki da awaki daga 40 ake farawa, shanu daga 30. Hannun jari da sukuk suna da tafsili, ka kai wa malami takardunka ya duba.

In na rasu, yaya iyalina za su san inda kuɗina suke?

Biliyoyin naira na ribar hannun jari suna kwance ba a karɓa ba a ƙasar nan, kuma wani kaso na mutanen da suka rasu ne ba su gaya wa kowa ba. Na san gidan da aka tsinci takardun hannun jarin mahaifinsu a ƙasan adaka shekaru bayan an raba gado, gara ta ci gefensu.

Ka sami littafi guda ka rubuta sunan kowane banki da lambar asusu, sunan dillalinka da lambar CSCS, inda takardun fili suke, wanda kake bi da wanda ke binka. Lambobin sirri kada su shiga ciki. Ka cike takardar da ke sa ribar hannun jari ta riƙa faɗawa asusunka na banki kai tsaye, kuma ka tabbatar sunanka iri ɗaya ne a BVN da katin ɗan ƙasa da takardun jari, don bambancin Muhammad da Muhammadu kaɗai ya isa ya sa magada su yi ta zarya. Wanda ka rubuta a banki a matsayin makusanci ba shi ne mai gado ba, shi za a tuntuɓa kawai, rabo kuma na kotu ne bisa shari'a. Ka nuna wa mutum biyu da ka amince da su inda littafin yake, ka riƙa sabunta shi duk shekara lokacin da kake lissafin zakka.